Duhun da Wasu ke Biya Don Su Samu

A wani yammaci na ƙarshen damina, wani malamin sakandare a Musawa ya miƙa wa mahaifinsa waya, ya nuna masa hoton da ya lashe gasar ɗaukar hotunan sararin samaniya ta 2023. Cibiyar nazarin taurari ta Greenwich da ke Landan ce ke shirya gasar tun 2009, kyautar farko kuwa fam 10,000. Mutum uku, Marcel Drechsler da Xavier Strottner da Yann Sainty, su ne suka ɗauki Andromeda, gungun taurarin da haskensa ke shafe kimanin shekara miliyan 2.5 kafin ya iso mana. A gefensa ga wani baka na iskar gas mai shuɗin haske, wanda masana da manyan na'urorinsu ba su taɓa lura da shi ba.

Tsohon ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, shi wannan da damina yake fitowa ko da kaka?"

Tambayar manomi ce, kuma tana da tushe. Shi da sa'o'insa da taurari suke lissafin shekara: masaukai 28, kowanne kwana 13, ban da Jabha mai kwana 14, jimilla 365. Idan Haƙa'a ta kama, ko Zira'a, ko Ɗarfa, sun san abin da gona ke bukata. A wurinsa tauraro sai an tambaye shi aikinsa.

"Da kaka ne, Baba," in ji malamin. Gaskiya ya faɗa. A watannin Oktoba da Nuwamba, bayan ruwa ya wanke sama kuma hazon hunturu bai sauko ba, Andromeda kan hau sama sosai da dare, har ido ya gan shi kamar ɗan tabon hayaƙi.

Irin wannan hoto haƙuri ne ke yin sa. Ana kafa kyamara ta yi daƙiƙa 15 ko 20 tana tara haske. In an wuce haka ba tare da na'urar bin tauraro ba, juyawar duniya sai ta mayar da taurari zane-zane. Ana maimaitawa sau ɗaruruwa, a haɗe hotunan a kwamfuta. Amma jarin farko duhu ne, shi ne kuma ke ƙarewa a duniya. Taswirar hasken dare da aka wallafa a 2016 ta nuna kashi ɗaya cikin uku na 'yan Adam ba sa iya ganin farin kogin taurarin nan da ke ratsa sama, saboda fitilun birane. Shi ya sa masu wannan sha'awa ke kashe kuɗi zuwa Namibiya ko hamadar Atacama ta ƙasar Chile.

Musawa tana da wannan duhu kyauta, musamman da yake wutar lantarki baƙuwa ce. Tafiyar minti goma bayan gari ta isa. Sai dai wa zai yi ta? A Nuwamban 2023, daidai lokacin da sama ta fi kyau, 'yan bindiga suka buɗe wuta da dare a kan masu Maulidi a Rugar Kusa, cikin wannan ƙaramar hukuma. Ko an tsira daga gare su, mutumin da aka tarar a gona ƙarfe ɗaya na dare da waya a kan sanda, tana haske, yana da dogon bayanin da zai yi wa 'yan sintiri kafin su yarda cewa ba infoma ba ne.

Malamin bai fita ba. Ya jira ƙarshen wata, daren da babu farin wata, ya jingina wayarsa da turmi a tsakar gida, ya saita ta ga ɗan sararin da ke tsakanin katanga da darbejiya. Andromeda bai shiga ba. Reshe ya tare shi. Abin da ya samu Kaza da 'Ya'yanta ne, a karkace, da ɗan dishi-dishi.

Bayan sallar asuba ya nuna wa tsohon. Nan take ya gane ta. Ya sa yatsa yana ƙirgawa, ya wuce bakwai ɗin da ya sani tun yana yaro, ya wuce ashirin.

"Ikon Allah," ya ce. "Ashe 'ya'yan nata sun fi haka yawa."