Wandon Yaya

Wando ne ya fara tona asirin ciwon. Yaya tela ne, sai ga shi sau biyu cikin wata guda yana ƙara wa wandonsa faɗin ƙugu, alhali wuyansa da damatsansa ramewa suke yi. Abokansa na layin teloli har tsokanarsa suke, wai tumbin kuɗi ne. Da idanunsa suka koma ruwan ɗorawa, Inna ta ce shawara ce, aka jiƙa sassaƙe. Wata huɗu muna ɗura masa jiƙo. Har yau abin yana ci mini rai, don hantar da ta riga ta gaji ita muka bar wa aikin tace duk abin da muka ba shi.

A asibiti likita ya juya takardar magani ya zana mini hanta a bayanta. Ya ce ƙwayar cutar hanta nau'in B ta daɗe a jikin Yaya. Garkuwar jiki tana yaƙar ta, kuma a wajen yaƙin take kashe ƙwayoyin hantar da cutar ta ɓuya a ciki. Duk inda ya warke sai ya bar tabo. Shekara da shekaru, tabo kan tabo, har hantar ta taurare ta motse. Jinin da ke tasowa daga hanji dole ta cikinta zai bi; da hanya ta toshe sai ya ja baya kamar ruwan kwata, saifa ta kumbura, ruwa ya tsattsafo ya cika ciki, jijiyoyin maƙoshi su yi ruɗu-ruɗu.

Ɗaya daga cikin jijiyoyin nan ce ta fashe a wani daren Alhamis. Ni na riƙe masa roba. Jini ne baƙi, guda-guda, ya ɗago ya ce, «Ƙanena, kar Inna ta gani.»

Bayan nan sai ruɗewa. Ya yi barci da rana, ya kwana ido biyu, yana kirana da sunan Baba da ya rasu tuntuni. In ya miƙe hannuwa sai su riƙa faɗuwa suna tashi kamar fiffike. Gwaggo ta ce iska ce. Ashe gubar da hanta ta kasa tacewa ce ta kai ga ƙwaƙwalwa. Aka ba shi lactulose, wani ruwa mai zaƙi da ke sa bayan gida sau biyu zuwa uku a yini, kwana biyu ya dawo hayyacinsa.

Abin da ya fi ƙona mini zuciya raɗe-raɗin zaure ne, wai ko giya yake sha a ɓoye. Giya tana lalata hanta, babu musu, amma Yaya bai taɓa kai ta baki ba.

Likita ya sa aka gwada mu duka. Inna tana ɗauke da cutar, haka ma ƙanwarmu. Ya ce jaririn da ya kamu wajen haihuwa, tara cikin goma da ita suke girma, babba kuwa bai kai biyar cikin ɗari ba. Rigakafinta sai 2004 ya shiga jerin alluran yara a Najeriya, lokacin Yaya ya haura talatin. Inna ta daɗe tana kallon tafin hannunta.

«Ashe ni na ba shi?»

«Mama, ke ma ba da saninki aka ba ki ba.»

Yaya ya rasu da damina. Ƙanwarmu yanzu ƙwayar tenofovir ɗaya take haɗiya kullum, ana duba hantarta duk wata shida.

Wata uku bayan rasuwar, matarsa ta haihu da asuba. Ban bari rana ta faɗi ba sai da na samo ma'aikaciyar da ke riƙe da allurar rigakafin, don cikin awa 24 na farko ake so a yi ta. Inna ce ta riƙe cinyar yaron aka soka masa, ya canyara kuka, ita kuma tana ta jijjiga shi tana kiran sunan ubansa.