Sifilin da Ya Ɓace a Bakin Iyaka

A ƙasar Bagudo, inda Kogin Kwara yake ratsawa, hanyoyin Tsamiya da Lolo kuma suke fita zuwa Jamhuriyar Benin, akwai wani matashi da ke riƙe wa kawunsa lissafin cinikin albasa. Abokan cinikin rabi ƴan Nijeriya ne, rabi mutanen Segbana da Malanbil. Da ya ga littafin rubutu ya fara yagewa, sai ya haɗa wata ƙaramar manhaja a waya, ya ɗora ta a kan SQLite, wato rumbun bayanai da ke zaune a cikin manhajar kanta, ba ya buƙatar intanet. D. Richard Hipp ne ya fitar da shi a shekarar 2000, kuma a yau yana cikin kusan kowace wayar Android.

Wannan rumbu yana da hali irin na mai kara. Sauran rumbuna sukan tsaya kai da fata cewa gurbin lamba na lamba ne, gurbin rubutu na rubutu. Shi kuwa duk abin da aka miƙa masa sai ya karɓa, in ya ga zai juyu zuwa nau'in da gurbin ya fi so, ya juya shi ba tare da ya ce uffan ba. Matashin ya laƙaba wa gurbin lambar waya sunan STRING, yana zaton ya ce rubutu ke nan. Ashe rumbun bai san wannan suna a matsayin rubutu ba, gurbin lissafi ya ɗauke shi. A wajen lissafi kuwa, sifilin da ke farkon lamba ba shi da daraja, don haka sai ya riƙa zubar da shi.

Aka daɗe ba wanda ya lura. Lambar Nijeriya dama takan yar da sifilinta idan an sa mata +234 a gaba, lambobin wayar hannu na Benin kuma masu alƙaluma takwas ba sa farawa da sifili. Amma ranar 30 ga Nuwamba, 2024, Benin ta mayar da lambobinta alƙaluma goma ta hanyar ƙara 01 a farko, kuma wannan sifili ba ya faɗuwa ko da an sa +229. Matashin ya zauna ya gyara lambobin ɗaya bayan ɗaya, rumbun ya karɓa, ya cinye sifilin, ya bar alƙaluma tara.

Saƙonnin sanar da isowar kaya suka daina zuwa ƙetare. Albasa kuwa ba ta jiran kowa. Wani dillali da suka shekara goma suna hulɗa ya ɗauka an juya masa baya, ya sayi kaya a wani wuri. Da kawun ya ji bayani, sai ya ce, "Ɗana, ɗan canji ma in zai mayar maka da sefa naira, a gabanka yake ƙirgawa. Wane irin ma'aji ne wannan da zai taɓa ajiya bai faɗa ba?"

Maganar ta zauna masa a rai. Da ya bincika, ya tarar tun a Nuwamban 2021, a fitowa ta 3.37.0, an ƙara wa SQLite tsarin jadawali mai tsauri da ake kira STRICT. A wannan tsari sunayen nau'i shida kaɗai ake karɓa, STRING ba ya cikinsu, don haka da tun ranar farko rumbun ya ƙi. Haka nan in aka tura kalma a gurbin lamba, zai mayar da ita da saƙon kuskure. Ya gina sabon jadawali, ya kwashe bayanan, ya mayar da sifilin da ya ɓace. Ya yi sa'a duk lambobin da 01 suke farawa. Da ba haka ba, da sai an bi mutane gida gida.

Sai dai ya gane cewa tsauri ma yana da iyakarsa. Da ya kira gurbin INTEGER, ko a jadawali mai tsauri sifilin zai tafi, domin rumbu ba ya sanin manufa. Mutum ne ya kamata ya san cewa lambar waya suna ce, ba adadi ba: ba a tara ta, ba a raba ta. Ya sa mata TEXT, ya kuma ware wa naira gurbinta, sefa nata.

Dillalin nan ya dawo bayan kawun ya ƙetara da kansa ya ba shi haƙuri. Matashin kuwa, tun daga lokacin, in manhajar ta ƙi karɓar wani abu, ba ya tsaki. Yakan ajiye wayar ya sake duba abin da ya rubuta.