Rashin Uwa A Kan Yi Uwar Ɗaki

Gammo wani gari ne a ƙasar Kabo, yamma da birnin Kano, ba shi da nisa da Gwarzo. A wani masallaci na cikin garin akwai tsohuwar na'urar ƙara sauti, wadda a ke ce wa amfilifaya, ƙirar ƙasar Japan ta wajen shekarun 1970. Ita ke karɓar muryar ladan ta ƙara mata ƙarfi, sa'an nan ta miƙa wa lasifikar da ke bisa soro. Ran nan, saura kwana goma a ga watan azumi, ladan ya kunna ta da asuba, sai ya ji ƙauri. Ya hura makirufo, ya sake hurawa, shiru.

Abin ya dami jama'a, gama da ita a ke ta da mutane sahur, da ita kuma matan da ke cikin gida su ke jin tafsiri. Kuɗin sabuwa kuwa, sai an yi karo-karo, ga shi kaka ta yi nisa. Saboda haka ladan ya naɗe ta cikin buhu, ya ɗaure a bayan babur, ya nufi Gwarzo wurin wani saurayi mai gyaran rediyo.

Da mai gyara ya buɗe murfi, nan da nan ya ga manyan tiransistoci biyu sun ƙone. Irinsu ba su da wuyar samu. Da mai gaggawa ne, da sai ya sauya su, ya karɓi ladansa, bayan an kunna su sake ƙonewa. Shi kuwa sai ya tsaya neman dalili. Can jikin faifan alminiyam da ke shanye zafin tiransistocin ya tarar da wani ɗan abu, bai kai farcen yatsa ba, an ɗaure shi da noti, ƙafarsa guda ta karye daidai gindi. Ya karanto lambar da ke jikinsa, STV-3H, ya girgiza kai.

Ladan ya ce, "Ɗana, wannan ɗan mitsitsin ne ya ja mana duk wannan?"

Ya ce, "Shi ne, Baba. Dayod a ke ce masa. Irin wannan kuwa an daina yinsa tun ba a haife ni ba."

To, mene ne dayod? Duk wanda ya taɓa buga wa keke iska ya san bawul: iska ta kan shiga ta cikinsa, amma ba ta komowa. Haka dayod ya ke ga lantarki, ya kan bar shi ya wuce ta fuska guda, ya hana shi juyowa. Sai dai ba ya barinsa ya wuce kyauta, sai ya karɓi ɗan kuɗin fito. Ƙarfin turin lantarki da bolt a ke auna shi. Dayod na silikon ya kan cinye kamar bolt 0.6 ko 0.7. Na jamaniyam, watau sinadarin da wani Bajamushe mai suna Clemens Winkler ya gano a 1886 ya raɗa masa sunan ƙasarsu, shi kamar bolt 0.3 kaɗai ya ke ci. Da shi aka yi dayod mai lamba 1N34 a Amurka a 1946, daga baya, cikin shekarun 1960, silikon ya ture shi. Shi ya sa idan dayod na tsohuwar rediyo ya mutu aka sa na silikon a gurbinsa, sau da yawa tasha mai nisa ba ta kamuwa, domin ɗan ƙarfin da ya zo ta iska bai isa biyan kuɗin fito ba.

Mai gyara ya buga waya ga maigidansa na dā, wanda ya koya masa sana'a a Sabon Gari, Kano. Maigidan ya zaga shaguna bai samu ba. Wani mai shago ma cewa ya yi a ɗauki 1N4007, wai ai dayod duk dayod ne. Wannan magana rabinta gaskiya ce, kuma irin wannan rabin gaskiyar ta fi ƙarya ɓarna. Hakika a wurin da a ke juya wutar taransifoma ta zama mai tafiya fuska guda, musanya ba ta da wuya. Daga 1N4001 zuwa 1N4007 duk amfiya guda su ke ɗauka, bambancinsu shi ne na farko ya kan jure bolt 50 idan lantarki ya turo ta baya, na ƙarshe kuwa 1000. Saboda haka babba ya iya tsayawa a madadin ƙarami. Idan kuma kayan sun fi nauyi, ga 1N5408 mai ɗaukar amfiya 3.

Amma aikin STV-3H dabam ne. Manyan tiransistoci biyun nan aikinsu kamar na mata biyu ne masu lugude a turmi guda: wannan ta sauke taɓarya, waccan ta ɗaga. Ɗaya ke tura faifan lasifika gaba, ɗaya ke janyo shi baya. In ɗaya ta yi gyangyaɗi a daidai lokacin karɓa, sai murya ta fito da kaushi kamar ta mai mura. Don haka a ke barin ɗan lantarki kaɗan yana ratsa su kullum, su zauna a faɗake. Wannan dayod shi ke auna musu rabon. A cikin cikinsa dayod uku ne a jere, sai kuɗin fitonsa ya tashi kusan bolt 2. In an sa guda ɗaya tak a gurbinsa, rabon ya gaza, murya ta lalace. In kuwa ya katse, kamar yadda na Gammo ya yi, ba sauran mai aunawa, tiransistoci biyun su buɗe baki gaba ɗaya su ƙone.

Akwai sauran abu guda, shi ne dalilin ɗaure shi da noti. Tiransista idan ta yi zafi ta kan ƙara jan lantarki, jan lantarkin ya ƙara mata zafi, haka haka har ta halaka kanta. Dayod kuwa idan ya ji zafi kuɗin fitonsa raguwa ya ke yi, kamar kashi 2 cikin 1000 na bolt a kowane digiri guda. To, da ya ke jikinsa na manne da faifan da su ke kai, da sun fara zafi sai ya ji, ya rage musu rabo. A ƙasar Kano, inda zafin bazara ya kan kai digiri 40, wannan ba abin wasa ba ne. Wanda ya sa dayod uku daidai, amma ya bar su suna lilo a iska nesa da faifan, zai ji murya garau a shago da safe, ran da aka yi dogon tafsiri da rana kuwa ya ji labari.

Da mai gyara ya gama auna wannan duka a ransa, sai ya jawo kwalinsa ya tsamo ƙananan dayod uku masu lamba 1N4148, waɗanda ba shagon da ba su. Ya haɗa su kai da gindi da dalma, ya zura su cikin siririyar roba don kada ƙafafunsu su taɓa ƙarfe, ya danne su jikin faifan da ɗan gutsuren alminiyam da notin nan na dā. Sa'an nan ya sauya tiransistocin.

Bai kunna kai tsaye ba. Sai da ya jona ƙwan lantarki mai wat 60 a tsakanin soket da amfilifaya, domin in akwai sauran ɓarna ƙwan ya haska ya shanye wutar. Irin ƙwan nan mai zare na dā shi ma ya yi wuya yanzu, na zamani kuwa ba ya wannan aiki, shi ya sa ya ke ɓoyonsa cikin tsumma kamar ƙwan kaza. Ya kunna. Ƙwai ya haska, ya dushe. Ya cire shi, ya ɗora mita, ya murɗa ɗan makunnin daidaita rabo a hankali har lamba ta zauna inda ya ke so. Ya bar ta tana aiki sa'a guda cur, yana taɓa faifan da bayan hannu, yana duban mita. Lamba ba ta hau ba.

Ladan ya ƙosa, ya ce, "Ɗana, ai ta yi. La'asar ta gabato."

Ya ce, "Yi haƙuri, Baba, saura kaɗan."

Ya yago 'yar takarda ya rubuta kwanan wata, da lambar abin da ya cire, da lambar abin da ya sa, da abin da mita ta nuna. Ya manna ta a cikin murfi, inda duk wanda ya buɗe bayansa zai gani, ya ɗaure notuna, ya taya ladan ɗora buhu a kan babur.