Gobe a Bakin Bature

Aikatau a Ingilishi sura biyu kawai yake da su ta fuskar lokaci, ta yanzu da ta shuɗaɗɗe. Gobe ba ta da gurbi a jikinsa, sai dai a aro mata kalma. Kalmomin da aka aro kuwa suna da tarihi. Asalin "will" a tsohon Ingilishi so ne da nufi, asalin "shall" kuwa bashi ne da wajibi. Shi ya sa har yau "shall" ta fi zama a takardun doka da yarjejeniya, inda magana ke ɗaure mai ita.

Ɗalibaina na sakandare sukan ɗauki "will" su ɗora ta duk inda Bahaushe zai ce "za", kuma ban cika ganin laifinsu ba, domin haka aka fara koya musu. Sai dai Bature yana auna nisan da niyya ta yi kafin ya zaɓi sura. Wanda ya ce "I will pay you", sau da yawa a lokacin ya yanke shawara, ko kuma alkawari yake ɗauka. Wanda ya ce "I am going to pay you" ya kwana da niyyar. Wanda ya ce "I am paying you on Friday" ya wuce niyya, ya tsayar da rana, an shirya. Akwai ta huɗu, "the train leaves at eight", wadda babu ran mutum a cikinta, jadawali ne ke magana.

Na fi jaddada ta ukun a aji. Yaron da zai karanta wasiƙar ɗaukar aiki, ko amsar wanda yake bi bashi, yana bukatar ya gane ko an sa masa rana ne ko lallashinsa ake yi.

Mu ma muna da irin wannan ma'auni. "Zan zo" daban take da "na zo" mai faɗuwar murya, wadda malaman nahawu ke kira lokaci na gaba na biyu, ta mai cewa ƙila ya leƙo in hali ya yi. Tsofaffi sun iya ta ƙwarai, musamman in ba sa son ɗaure kansu. Abin takaici, rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, saboda haka a takarda ba a bambanta ta da "na zo" ta wanda ya riga ya iso. Matasa kuma, da yawancin zancensu ya koma saƙon waya, sai su tsaya ga "zan", su jingina mata "in sha Allah".