Tsohuwar Taraktar Bayan Sito

A ƙarshen zangon karatu na biyu aka kira taron malamai, cikin zafin nan na bazara da ko alli mutum ya riƙe sai ya ji yana narkewa. Bayan an gama zancen jarrabawa da na makarar ɗalibai, sai aka karanto jerin kayan da za a yi gwanjonsu ga 'yan gwangwan: karyayyun gadaje, tsohon injin buga takardu, tankin ruwa mai yoyo. Can ƙarshe aka ce, “da tsohuwar taraktar nan ta bayan sito.” Ba wanda ya ce uffan. Mu ma da farko shiru muka yi, domin kuwa shekara uku ke nan ba ta motsa ba, kaji sun mayar da ƙarƙashinta wurin ƙwai, tayar baya ɗaya ta zauna. Amma da muka ji za a ɗora ta a sikeli a sayar kamar buhun dawa, sai abin ya tsaya mana a rai. Muka ɗaga hannu muka roƙi mako uku.

Mai karatu zai iya cewa, mene ne abin tayar da jijiyar wuya a kan tsohon ƙarfe? To, wannan taraktar ta girme mu. Massey Ferguson 135 ce, ja, irin wadda aka fara ƙerawa a 1964, kuma har yanzu idan aka goge ɗan allon ƙarfen da ke jikinta ana iya karanta sunan garin Coventry na Ingila. Tun muna 'yan aji ɗaya a wannan makaranta muke bin ta da gudu zuwa gona, muna ihun “tantan! tantan!” saboda yadda injinta ke bugawa. Da muka dawo a matsayin malamin ilimin aikin gona, da ita muka riƙa nuna wa yara abin da littafi ya kasa nuna musu.

Abin da muke nuna musun kuwa yana bayanta ne, wurin da ake ɗaura garma. Sanduna uku ne kawai, biyu a ƙasa, ɗaya a sama, kuma duk wanda bai san tarihinsu ba zai raina su. Taraktocin farko, irin su Fordson da ya fito a 1917, jan garma suke yi kamar yadda shanun huɗa ke yi. Idan garma ta ci karo da saiwa ko dutse ta cije, tayoyin baya ba sa daina juyawa, sai gaban motar ya tashi sama ta kifa a kan direba. Mutane da yawa sun rasa ransu ta haka. Maganin da maƙera suka sani a lokacin shi ne ƙara nauyi, wato a yi mota ƙatuwa mai shan mai, mai danne ƙasa, wadda ƙaramin manomi ba zai iya saye ba.

Wani ɗan manomi daga Arewacin Ireland, Harry Ferguson, wanda aka haifa a 1884, shi ya dubi abin ta wata fuska. Ya ce a daina jan garma, a haɗa ta da jikin mota su zama abu guda. Sandunan ƙasa biyu su ke ja. Ita kuma ta sama, da zarar ƙasa ta yi tauri garma ta nemi tuntsurawa gaba, sai ta tokare, ƙarfin tokarewar nan ya danna gaban motar ƙasa maimakon ya ɗaga shi. Sa'an nan nauyin garma da na ƙasar da take juyawa ya koma kan tayoyin baya, su ƙara kama ƙasa. Bai tsaya nan ba. Ya sa wannan sandar ta sama ta zama kamar mai kai rahoto: idan matsin ya yi yawa sai ta taɓa wani ɗan makulli na famfon mai, famfon ya ɗaga garma kaɗan, in an wuce wurin taurin ta koma zurfinta, ba tare da direba ya taɓa komai ba. Babu waya, babu na'ura mai ƙwaƙwalwa, ƙarfe ne da mai da sifirin. Mun sha tsayar da yara mu ce su dubi wannan, su ga yadda aka mayar da turjiyar ƙasa ta zama mai taimakon mota.

A 1938 ya nuna wa Henry Ford abin, suka yi musafaha ba tare da takarda ba, aka fitar da Ford 9N a 1939. Yarjejeniyar baki ta ƙare a kotu, kamar yadda irinta ta saba. Shi kuma ya koma Coventry, inda daga 1946 zuwa 1956 aka ƙera fiye da 500,000 na wata 'yar ƙaramar tarakta mai ruwan toka, TE20. Uku daga cikinsu ne Edmund Hillary ya hau ya ratsa ƙanƙarar Antaktika har ya isa tsakiyar ƙarshen duniya ta kudu a watan Janairun 1958. Kamfaninsa ya haɗe da Massey-Harris a 1953, daga nan aka sami jar tarakta irin tamu. Yau da wuya ka ga tarakta, kowane kamfani ya yi ta, ba ta da waɗannan sanduna uku a baya.

Washegarin taro muka hau babur muka je gidan Baba Direba, wanda ya tuƙa ta kusan shekara talatin kafin ya yi ritaya. Sai da muka ɗaga murya kafin ya fahimci abin da ya kawo mu, don kunnensa ya yi nauyi. Da ya gane, sai ya ce, “Malam, ba ta mutu ba, an dai bar ta ne. Gobe zan zo da yarona.” Yaron nasa ashe bakanike ne mai furfura.

Abin da suka yi a kwana biyar ya isa darasi. Injin Perkins ne mai silinda uku, ƙarfin doki kimanin 45, kuma duk abin da ke jikinsa ido na ganinsa, hannu na kai wa gare shi. Suka zubar da tsohon man dizal da ruwa ya kwanta a ƙasansa, suka wanke tanki, suka canza matatar mai, suka kwance nozul uku aka kai gari aka gyara. Kayan aikinsu bai wuce sifanu shida da guduma da tsumma ba. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne kayan gyara. Mun ɗauka sai an aika Turai, ai kuwa a Ƙofar Ruwa ta Kano muka same su, har mai shago yana tambayarmu wanne muke so, na Indiya ko na Turkiyya. Dalili kuwa a fili yake: ita masana'antar Coventry ta daina ƙera tarakta tun 2002, amma jikokin wannan zane ba su daina fitowa ba. Kamfanin Millat na Pakistan da TAFE na Indiya sun ɗauki shekaru masu yawa suna ƙera ire-irenta, shi ya sa jajayen 375 da ake gani a gonakin Kadawa da Bakolori duk dangi ne.

Batir ba mu da kuɗinsa. Aka tara 'yan aji biyar suka tura ta zuwa gangaren filin ƙwallo, Baba ya haye, ya sa giya, ya saki kuloci. Ta yi tari sau biyu, ta feso baƙin hayaƙi, sai ga tan-tan-tan ɗin nan. Yaran da ba su taɓa jin muryarta ba suka kaure da sowa.

Kada a ɗauka muna cikin masu cewa duk abin da ya tsufa ya fi sabo. Wani abokin aikinmu, malamin lissafi, ya tare mu da magana mai nauyi. Ya ce, “Malam, kuna yabon wadda ta rayu ne, ina sauran?” Gaskiyarsa. Tun daga shirin Ciyar da Ƙasa na 1976 da Juyin Noma na 1980 an shigo da taraktoci ba iyaka, har an harhaɗa na Steyr a Bauchi, na Fiat a Kano, kuma gawarwakinsu na nan jibge a harabobi daban-daban, ciyawa ta fito ta cikin sitiyari. Da yawansu zanensu ba shi da laifi. Abin da suka rasa shi ne irin Baba, mutumin da kullum da asuba zai duba baƙin mai da ruwan lagireto, ya wanke matatar iska a lokacin ƙura, ya hana a ɗora wa mota abin da ya fi ƙarfinta. Tamu ma da Baba ya tafi, shekara nawa ta yi? Ban da wannan, tana da nata aibin. Ba ta da rumfa, ba ta da ƙarfen kariya in ta kife a gefen kwazazzabo, birkinta sai an haɗa da addu'a, kuma kunnen Baba ita ta ci shi. Sababbin sun fi ta kare ran direba, ba ma musun wannan.

Inda muka tsaya kai da fata shi ne batun gyara. Mun taɓa ganin sabuwar tarakta da aka kawo wata gona kusa da mu, mai gilashi da sanyi a ciki. Cikin damina ta biyu wata fitila ta kama a gaban direba, mota ta ƙi tashi, bakaniken gari ya buɗe ya rufe ya ce wannan sai mai kwamfuta. Kafin mai kwamfutar ya iso, lokacin huɗa ya wuce, kuma damina ba ta jiran kowa. Ashe ba mu kaɗai ba ne. A can Amurka ma manoma sun daɗe suna kokawa a kan 'yancin gyara abin da suka saya da kuɗinsu, har jihar Colorado ta yi doka a kai a 2023, wasu kuma suna rububin taraktocin shekarun 1970 da 1980 a wurin gwanjo don su ne suke iya kwancewa da hannunsu. In manomin da ke da dillali a garinsu yana wannan kuka, ina ga namu da ke tafiyar yini kafin ya ga kwalta?

Ruwan farko ya sauka muka huɗe kadada biyu na gonar makaranta a yini ɗaya da rabi, aikin da a bara sai da muka yi hayar shanu muka jira layi har mako biyu. Kwamitin gwanjo bai cire sunanta daga takarda ba, ya dai ce a dakata sai bayan girbi a ga ko masarar za ta biya kuɗin taya da batir. Famfon da ke ɗaga garma yana ɗigar da mai, mun ajiye gwangwanin madara a ƙarƙashinsa. Baba ya ce ba zai iya zuwa kullum ba, ƙafa ta ƙi, amma ya zaɓi yara biyu daga aji huɗu, mace da namiji, yana zuwa duk Asabar yana koya musu jin lafiyar inji da tafin hannu, tunda shi kunne ya riga ya tafi.