Kafin A Sayi "Cikakken" Wasa, A Leƙa Cikin Kwali

A garin Minna yau da wuya a sami unguwar da ba ta da gidan gem. Daga Bosso zuwa Tunga, daga Kpakungu zuwa Chanchaga, za a tarar da ɗan shago mai talabijin biyu ko uku, da akwatin PlayStation, da benci, ga janareto yana ruri a bakin ƙofa. Abin da dattawa suke ɗauka wasan yara ne ya zama sana'ar da take ciyar da gidaje, kuma duk inda sana'a ta kafu, maganar riba da faɗuwa ba ta rasa biyo baya. Tambayar da take yawan tasowa tsakanin masu wannan harka ita ce ta faifan nan da ake rubuta wa "Complete Edition" ko "Game of the Year" a jikin kwali, watau cikakken bugu wanda aka ce an haɗa wasa da dukan ƙarinsa wuri guda. Shin ya cancanci kuɗin da ake sa masa?

A zamanin Sega da Nintendo, in mutum ya sayi kaset, to, ya gama saye ke nan, abin da ke ciki shi ne rabonsa. Yanzu kuwa kamfanoni sun canza dabara. Sai su fito da wasa, bayan 'yan watanni su fito da ƙarin labari ko ƙarin jarumai a sayar daban, in an shekara ko fiye kuma su tattara duka a sabon kwali, sau da yawa a kan kuɗin da bai kai na sayensu ɗaya bayan ɗaya ba. Mutumin Neja bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba, domin ya san halin sabuwar doya. Mai ɗokin cinta da fari shi ke biyan tsada, ya kuma same ta da ruwa-ruwa, alhali wanda ya jira ta cika kasuwa yana saye da sauƙi, sakwararsa kuma ta fi danƙo.

Akwai misalin da ya gaskata wannan. Kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Folan ya fito da wasan The Witcher 3 a watan Mayu na 2015. A watan Oktoba na shekarar ya ƙara masa Hearts of Stone, sannan a watan Mayu na 2016 ya biyo da Blood and Wine, wanda girmansa ya sa har ya ci lambar yabo a bikin The Game Awards na shekarar, ya doke wasannin da suke tsaye da ƙafarsu. A watan Agusta na 2016 aka haɗa ukun a kwali guda. Wanda ya jira wata goma sha biyar ya sami kaya uku da kuɗin kusan ɗaya, ga kuma gyare-gyaren kurakuran da masu gaggawa suka sha fama da su. Labarin Cyberpunk 2077 ma ya fi wannan zafi, don kuwa ya fito a watan Disamba na 2020 cike da matsaloli, har kamfanin Sony ya janye shi daga kantinsa na intanet na tsawon wata shida. Sai a ƙarshen 2023, bayan an yi masa gyara mai yawa an ƙara masa Phantom Liberty, cikakken bugunsa ya fito. Mai haƙuri, in ji masu iya magana, shi kan dafa dutse ya sha romonsa.

To, in da a nan maganar ta tsaya, da sai a ce kowa ya je ya saya. Amma fa lissafin mutumin London daban, na mutumin Maitumbi daban. Sabon babban wasa a Amurka yakan kai dala 70 tun fitowar PlayStation 5 a 2020. Bayan da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023, dala ta haura naira 1,500 a cikin 2024, a shekarar da aka yanke mafi ƙarancin albashi na ƙasa a kan naira 70,000. Ashe ke nan faifai guda ya fi albashin ƙaramin ma'aikaci na wata. Wannan ya sa galibin faifan da ke yawo a hannun samarin Minna na hannu ne, waɗanda aka yi amfani da su a Turai ko Amurka kafin su iso Legas ko Abuja. A nan kuwa tarkon yake.

Ba kowane cikakken bugu ba ne yake cikakke a jikin faifai. Na The Witcher 3 da na Horizon Zero Dawn ƙarinsu yana cikin faifan kansa, ko hannu goma ya bi, na goman zai same shi. Amma Marvel's Spider-Man na 2019 mai tambarin "Game of the Year", da cikakken Cyberpunk 2077 na PlayStation 5, ƙarinsu wata 'yar takarda ce a cikin kwali mai ɗauke da lambobi, sai an shigar da su an sauko da kayan daga intanet. Lambobin nan kuwa sau ɗaya suke aiki, tamkar katin waya da aka kankare.

Wani matashi mai gidan gem kusa da harabar Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Bosso ya tara ribar mako uku, ya aika aka sayo masa irin wannan faifai daga wani ɗan kasuwa, ya biya ƙari a kan na gama-gari saboda rubutun da ke jikin kwali. Da ya shigar da lambobin, sai na'ura ta ce an riga an yi amfani da su. Ya buga wa mai kayan waya ya ce, "Alhaji, ai takardar nan an cinye ta." Amsar da ya samu ita ce, "Ɗan'uwa, faifai na sayar maka, kuma faifai yana yi." A zahiri mai kayan bai yi ƙarya ba, amma kuɗin cikakke aka karɓa, aka ba da rabi, kuma babu rasit balle alƙali.

Ko takardar tana da rai ma, akwai sauran rina a kaba. Nijeriya ba ta cikin ƙasashen da Sony ya buɗe wa kantin PlayStation, saboda haka 'yan ƙasar nan kan buɗe asusu da sunan Amurka ko Ingila, alhali lambar da aka buga don Turai ba ta shiga asusun Amurka. In an tsallake wannan, sai maganar data, domin wani ƙarin yakan kai gigabait talatin, ga shi a watan Janairu na 2025 hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da na data. Bayan data sai wuta. Jihar Neja ce ke ɗauke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, amma mai shago a Minna ya san da fetur yake sauko da kaya in dare ya yi, fetur ɗin da aka cire wa tallafi ran 29 ga Mayu, 2023. Duk wannan kuɗi ne da ba a rubuta a jikin kwali ba.

Sai kuma a duba wa zai yi wasan. Masu zuwa gidan gem ƙwallo suke nema da dambe, su biya kuɗin minti goma su tashi, babu mai zaman bin labarin sa'a ɗari. Ga mai shago, Mortal Kombat 11 Ultimate na 2020 yana da amfani, don ya tashi daga jarumai 25 zuwa 37, har da Rambo da RoboCop, kuma yawan jarumai yana jawo ciniki. Amma "Ultimate Edition" na wasan ƙwallo, wanda ya koma EA Sports FC a 2023 bayan rabuwa da hukumar FIFA, suna ne kawai ya zo ɗaya. Ba ƙarin labari a cikinsa, illa damar fara wasa kwana bakwai kafin jama'a da wasu makin saye a intanet, kuma baɗi war haka wani sabo ya maye gurbinsa. Wannan mai shago ya bar wa masu kuɗin banza.

Iyaye ma da nasu rabon a maganar. Yaro in ya ce, "Baba, cikakken za a saya mini," ya kamata uban ya karɓi kwalin ya duba kusurwarsa. In ya ga lamba 18 ko harafin M, to, masu wasan da kansu sun shaida ba na yara ba ne. Zubar da jinin da ke cikin Mortal Kombat na farko yana daga cikin abubuwan da suka kai maganar gaban majalisar dattawan Amurka a 1993, har aka kafa hukumar sa wa wasanni alamar shekaru a 1994. The Witcher 3 da Cyberpunk 2077 duk masu wannan alama ne, cikar bugunsu kuwa ƙarin abin da ake gudu ne ga ƙaramin yaro.

Hukuncin dai a fili yake. Wanda bai taɓa mallakar wasan ba, yana da lokacin bin dogon labari, kuma ya tabbata ƙarin yana cikin faifai, cikakken bugu ya fi masa araha nesa ba kusa ba. Wanda yake da na farkon, ya sayi ƙarin kaɗai ya huta. Wanda aka miƙa wa na hannu mai takarda a ciki, kada ya biya ko kwabo sama da kuɗin na gama-gari. A karanta ƙananan rubutun bayan kwali, a sa faifan a na'ura a gaban mai kaya kafin a ƙirga masa kuɗi. Ɗan kasuwa mai gaskiya ba zai ƙi gwaji ba, wanda ya ƙi kuwa ya riga ya faɗa wa mai saye abin da ke cikin kwalinsa.