Makaɗin Jamus da Sarki Ya Biya wa Bashi

Direbobin da ke jigila daga Bagudo zuwa Tsamiya, ko zuwa Lolo a bakin iyakar Benin, ba sa tafiya sai da waƙa: Narambaɗa, Ɗanƙwairo, Sani Aliyu Ɗandawo na Yawuri. Kowa na kaɗa kai. Amma idan yaro ya ce waƙa zai yi, sai a ce masa, "Roƙo za ka yi?" A ajinmu na sakandare akwai ɗan wani makaɗi da yake cewa mahaifinsa manomi ne kawai, don gudun tsokana.

Shi ya sa labarin Richard Wagner ya tsaya mini a rai. Bajamushe ne, an haife shi a Leipzig a 1813, ya rasu a birnin Venice na Italiya a 1883. Opera yake tsarawa, wato wasan kwaikwayo da ake rera dukkan maganganunsa da waƙa, makaɗa masu yawa na raka su. Mai yiwuwa kun taɓa jin aikinsa ba ku sani ba: kiɗan nan da ake sawa a finafinan Turawa idan amarya na shigowa coci, daga wasansa Lohengrin aka ɗauko shi.

Ni dai ban ga maroƙin da ya kai shi ba. A 1839 ya tsere daga birnin Riga saboda masu bin sa bashi. A 1849 ya shiga boren Dresden, aka neme shi, ya gudu ƙasar Suwizalan. Sai a 1864 Ludwig na Biyu, saurayi ɗan shekara 18 da ya hau sarautar Bavaria, ya aika a kira shi, ya biya masa basussuka, ya yanka masa albashi. Da me wannan ya bambanta da zaman Narambaɗa a fadar Sarkin Gobir na Isa?

Bambancin yana wajen ajiya. Wagner ya rubuta kiɗansa a takarda, kowace murya da kowane kayan kiɗa. Babban aikinsa, Zoben Nibelung, wasanni huɗu ne masu cin kusan awa 15, ya shafe shekara 26 yana haɗa su. Ya gina musu gidan wasa na musamman a garin Bayreuth, da rancen da sarkin ya ba shi, aka buɗe a 1876. Har yau ana taruwa a can ana yin wasanninsa.

Halinsa kuwa ba abin koyi ba ne. A 1850 ya rubuta maƙalar ƙin jinin Yahudawa, daga baya Hitler ya riƙe shi gwarzo. Mu da muke cin kasuwa ɗaya da Fulani da Dandawa da Kyangawa da Busawa, wannan ba ƙaramin laifi ba ne a wurina. Jamusawa ba su ɓoye maƙalar ba, ba su kuma ƙone kiɗan ba. Duka biyun suna nan ana nazarinsu.

Namu makaɗan fada sun tsira ne ta faifai da kaset, yanzu kuma a wayoyi. Waƙoƙin da ba su shiga fada ba fa? Kakata 'yar Illo ce, tana da waƙar niƙa da Dandanci mai baiti da yawa. Mahaifiyata ta riƙe baiti biyu. Ƙanwata, mai wayar da za ta iya naɗar murya, ko amshin ba ta sani ba.